'Yan luwaɗi, 'yan maɗigo da masu sauya jinsi a Turai: abin da doka ta ba su da inda ake jayayya

A shekarar 2025 kaɗai labarai uku sun fito daga Turai waɗanda in aka jera su sai a ɗauka ba daga nahiya ɗaya suka fito ba. A watan Maris majalisar dokokin Hangari ta yi dokar da ta buɗe hanyar haramta gangamin 'yan luwaɗi da maɗigo, har da bai wa 'yan sanda damar amfani da na'urar gane fuska don cin tarar mahalarta. A watan Afrilu Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa "mace" a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. A watan Nuwamba kuma kotun Tarayyar Turai ta ce dole Folan ta amince da auren wasu maza biyu 'yan ƙasarta da aka ɗaura a Jamus, alhali dokar Folan ba ta san irin wannan aure ba.

Wanda ya saba jin "Turawa sun halatta auren jinsi" zai iya rikicewa. Gaskiyar lamarin ita ce batun ɗaure mutum a kan wannan al'amari an rufe shi a dokokin Turai, amma batun aure, da 'ya'ya, da makaranta, da ma'anar namiji da mace, har yanzu ana ta kai-komo a kansu, kuma kowace ƙasa da inda ta tsaya.

Su wa ake nufi, kuma wace Turai?

Haruffan LGBT da ake gani a labarai sun haɗa rukuni daban-daban. Akwai maza masu sha'awar maza, da mata masu sha'awar mata, da masu sha'awar duka biyun. Waɗannan batunsu na sha'awa ne. Akwai kuma masu sauya jinsi, wato wanda aka haifa namiji yake ɗaukar kansa mace, ko akasin haka. Wasu suna tsayawa a sauya suna da sutura, wasu sukan kai ga magani ko tiyata. Wani lokaci ana ƙara harafin I domin mata-maza, waɗanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai a namiji ko mace ba, abin da littattafan fiƙihu suka daɗe da sani da sunan hunsa. Dokoki suna kallon kowane rukuni daban, shi ya sa ƙasa ɗaya za ta iya sakar wa wani rukuni mara ta kuma ƙuntata wa wani.

Ita ma Turai kashi-kashi ce. Akwai Tarayyar Turai mai ƙasashe 27, kotunta tana Luksambok. Akwai Majalisar Turai, wata ƙungiya daban mai ƙasashe 46 da ta haɗa har da Birtaniya da Turkiyya da Yukiren, ita ce mai Kotun Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg. Sai Rasha, wadda aka kora daga wannan majalisa a watan Maris na 2022, hukuncin kotun ba ya hawa kanta a sababbin ƙararraki.

Daga kurkuku zuwa ofishin rajista

Mutane da yawa ba su san cewa sassaucin nan sabon abu ne a mafi yawan Turai ba. Faransa ce ta yi zarra, domin tun 1791, bayan juyin juya hali, ta cire luwaɗi daga kundin laifuffuka. Jamus kuwa ta riƙe sashe na 175 na dokar manyan laifuffuka daga 1871 har 1994. 'Yan Nazi sun tsananta shi a 1935, suka hukunta maza kimanin 50,000, aka kai dubbai sansanonin gwale-gwale da alamar ƙyalle mai ruwan hoda a ƙirji. Jamus ta Yamma ta ci gaba da aiki da wannan tsanantaccen sashe har 1969, sai a 2017 aka soke hukunce-hukuncen aka fara biyan diyya.

A Ingila, masanin lissafi Alan Turing, wanda ya taimaka wajen fasa asirin saƙonnin sojan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, an same shi da wannan laifi a 1952, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar dakushe sha'awa. Ya mutu a 1954. An yi masa afuwa a 2013, yau hotonsa ne a takardar fam 50. Ingila da Wales sun sassauta dokar a 1967, lokacin da tuni Birtaniya ta bar irin waɗannan sassa a kundin dokokin ƙasashe da dama da ta mulka a Afirka da Asiya.

Sauran aikin kotun Strasbourg ce ta ƙarasa shi. A shari'ar Dudgeon ta 1981 ta ce hukunta manya kan abin da suka yi a ɓoye bisa yardar juna kutse ne cikin rayuwar sirri. Daga nan Ailan ta Arewa ta sauya doka a 1982, Jamhuriyar Ailan a 1993, Romaniya a 2001 lokacin da take neman shiga Tarayyar. Yankin Arewacin Sayifurus ne na ƙarshe, a 2014. A ɓangaren likitanci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka ranar 17 ga Mayu, 1990.

Cire hukunci abu ɗaya ne, amincewa da zaman tare wani abu ne daban. Denmak ce ta fara yi wa irin waɗannan masoya rajista a 1989. Wani ɓangare na dalilin shi ne annobar ƙanjamau: mutum ya yi jinyar abokin zamansa shekara da shekaru, ranar da ya mutu sai dangi su zo su kwashe kaya, shi kuma ba shi da takardar da zai nuna wa asibiti ko mai gida. Holan ta ɗaura auren jinsi na farko ranar 1 ga Afrilu, 2001. Beljiyam ta bi a 2003, Sifen a 2005.

Taswirar aure a yau

Zuwa Janairun 2025 ƙasashen Turai 22 sun halatta auren jinsi, 16 daga ciki 'yan Tarayyar ne. Hanyoyin sun bambanta. A Ailan, ƙasar da aka sani da riƙo da ɗariƙar Katolika, jama'a ne suka jefa ƙuri'a a 2015, kashi 62 cikin 100 suka amince. A Siwizalan kashi 64 ne a 2021. A Faransa majalisa ce ta yi dokar a 2013 bayan dubban ɗaruruwan mutane sun cika titunan Paris suna adawa. A Ostiriya da Sloveniya kotun tsarin mulki ce ta tilasta. Girka, a Fabrairun 2024, ta zama ta farko cikin ƙasashen da mafi yawansu mabiya Otodoks ne, kuma gwamnatin masu ra'ayin riƙau ce ta kai ƙudurin, cocin ƙasar yana adawa a fili.

Rukuni na biyu sun tsaya a tsakiya, suna yin rajistar zaman tare amma ba sa kiranta aure. Italiya tun 2016 tana nan, haka Kuroshiya, da Cek, da Latbiya. Ita kanta Hangari tana da irin wannan rajista tun 2009. Takardar takan ba da gado, da ziyarar asibiti, da wani sauƙin haraji, amma galibi ba ta ba da damar ɗaukar riƙon yaro tare ba.

Rukuni na uku, irin su Folan da Romaniya da Bulgeriya da Slobakiya, zuwa ƙarshen 2025 ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Can gefe kuma Rasha take. Luwaɗi ba laifi ba ne a dokarta tun 1993, amma a 2013 ta haramta abin da ta kira tallata shi ga yara, ta faɗaɗa haramcin zuwa manya a 2022, ta hana sauya jinsi a 2023, sannan a ƙarshen Nuwamban shekarar Kotun Ƙolinta ta saka "ƙungiyar LGBT ta duniya" cikin masu tsattsauran ra'ayi. Tun daga nan ɗaga tutar bakan gizo, alamar waɗannan rukunai, kan iya kai mutum gaban alƙali. A Turkiyya ma doka ba ta haramta luwaɗi ba, amma tun 2015 hukumomi ke hana gangamin Istanbul.

Me ya raba gabas da yamma?

Binciken cibiyar Pew na 2019 ya nuna girman tazarar. Da aka tambayi mutane ko ya kamata al'umma ta karɓi masu sha'awar jinsi ɗaya, kashi 94 a Suwidin suka ce e, 92 a Holan, 89 a Sifen. A Folan 47 ne, a Bulgeriya 32, a Rasha 14.

Addini yana cikin dalilan, amma bai isa shi kaɗai ba, tunda Sifen da Ailan da Malta ƙasashen Katolika ne kuma suna sahun gaba. Tarihi ya fi bayani. A yamma, tun shekarun 1960 zuwa coci ya ragu, aure ya rabu da haihuwa, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka samu shekara 50 suna fafutuka a fili, har kusan kowa ya san wani ɗan'uwa ko abokin aiki da abin ya shafa. A gabas mulkin kwaminisanci bai bar irin wannan muhawara ba. Da ya faɗi a 1989, coci ya dawo a matsayin alamar kishin ƙasa, sai maganar ta iso tare da sharuɗɗan shiga Tarayyar Turai, mutane da dama suka ɗauke ta kayan baƙi. Ga kuma fargabar raguwar haihuwa da ƙaurar matasa, wadda 'yan siyasa ke haɗawa da batun kare iyali.

Siyasa ta ci moriyar wannan. Daga 2019 ƙananan hukumomi da larduna kimanin 100 a Folan suka zartar da ƙudurorin ƙin abin da suka kira aƙidar LGBT. Da Tarayyar ta yi barazanar riƙe kuɗin raya yankuna a 2021, kotunan Folan kuma suka soke wasu, sai aka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a Afrilun 2025. A Hangari gwamnatin Viktor Orban ta rubuta a tsarin mulki a 2020 cewa uwa mace ce, uba namiji ne, ta kuma hana nuna wa 'yan ƙasa da 18 abin da ya shafi luwaɗi ko sauya jinsi a 2021. Duk da haramcin 2025, magajin garin Budapest ya mai da gangamin taron hukumar birni, jama'a suka fito fiye da yadda aka taɓa gani.

Layin dai ba miƙaƙƙe ba ne. Sabiya ba ta amince da ko rajista ba, amma Ana Brnabic, 'yar maɗigo da ba ta ɓoye ba, ta riƙe firaminista daga 2017 zuwa 2024. Alice Weidel, jagorar jam'iyyar AfD mai ra'ayin riƙau a Jamus, da mace take zaune suna renon 'ya'ya.

Sauya jinsi: inda yamma ma ta rabu

Nan ne muhawarar ta fi zafi yanzu. Suwidin ta fara ba da damar sauya jinsi a takardun hukuma a 1972, da sharaɗin a yi wa mutum aikin hana haihuwa. Ta cire sharaɗin a 2013 ta kuma biya diyya daga baya, kotun Strasbourg ta haramta shi a 2017. Daga nan wasu ƙasashe suka koma tsarin da furucin mutum kawai ya isa, ba sai da takardar likita ba: Denmak a 2014, Malta da Ailan a 2015, Sifen a 2023, Jamus a Nuwamban 2024.

Masu goyon baya suna cewa tsohon tsarin wulaƙanci ne, mutum ya yi shekaru yana zarya wurin likitocin ƙwaƙwalwa, kuma duk inda ya miƙa katin shaida sai asirinsa ya tonu. Masu adawa, cikinsu har da 'yan rajin kare haƙƙin mata da wasu 'yan maɗigo, suna cewa akwai wuraren da halittar jiki ce ma'auni: gidan yarin mata, mafakar matan da aka ci zarafi, ɗakin sauya kaya, gasar wasanni. Wannan saɓani ne ya sa gwamnatin Landan ta taka wa ƙudurin Sikotilan na sauƙaƙa sauya jinsi a takarda birki a Janairun 2023, shi ne kuma ya haifar da hukuncin Afrilun 2025. Alƙalan sun jaddada cewa dokar ta ci gaba da kare masu sauya jinsi daga wariya da tsangwama. Abin da aka warware shi ne wa ke shiga wuraren da aka keɓe wa jinsi guda.

Batun yara ya fi sarƙaƙiya. Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 sun taƙaita ba wa matasa maganin jinkirta balaga. A Ingila rahoton Dakta Hilary Cass na Afrilun 2024 ya ce hujjojin amfanin maganin masu rauni ne, aka daina bayar da shi in ba a cikin gwajin bincike ba. Ƙungiyoyin masu sauya jinsi da wasu likitoci sun soki yadda rahoton ya auna hujjojin, suna cewa matasa ne za su ɗanɗana jinkirin. Game da mata-maza kuwa akalar ta nufi wani wajen: Malta a 2015 da Jamus a 2021 sun hana yi wa jarirai tiyatar da ba ta gaggawa ba har sai sun girma sun faɗi ra'ayinsu.

Wa ke da ta cewa?

A ƙa'ida dokar iyali ta kowace ƙasa ce. Tarayyar ba ta da ikon tilasta wa kowa auren jinsi, kotun Strasbourg ma ta faɗi haka a 2010. Abin da Tarayyar ta haramta ko'ina tun 2000 shi ne wariya a wurin aiki. Ƙudurin faɗaɗa kariyar zuwa haya da asibiti da makaranta ya maƙale tun 2008 saboda sai kowace ƙasa ta yarda.

Amma kotunan sun shigo ta wasu ƙofofi. Ta Strasbourg ta ce dole a samar wa irin waɗannan masoya wata takardar doka ko da ba aure ba, ta kuma samu Italiya da laifi a 2015, sannan Rasha da Romaniya da Bulgeriya da Folan a 2023. Ta Luksambok tana bi ta 'yancin zirga-zirga. Wata jaririya da aka haifa a Sifen a 2019 ta nuna yadda abin yake a aikace. Takardar haihuwarta tana ɗauke da uwa biyu, ɗaya 'yar Bulgeriya, ɗaya 'yar Birtaniya. Sifen ba ta ba ta zama 'yar ƙasa ba tunda iyayen baƙi ne, dokar Birtaniya ba ta ba uwar damar gadar mata da nata ba, jami'an Sofiya, babban birnin Bulgeriya, kuma suka ƙi ba da takarda domin fom ɗinsu gurbin uwa ɗaya da uba ɗaya gare shi. Yarinya ta zauna babu fasfo. A Disamban 2021 kotun ta ce dole Bulgeriya ta ba ta takardar tafiya.

Gwamnatocin da ke adawa suna ganin wannan shigowa ce ta bayan gida, alƙalan da ba a zaɓa ba suna warware abin da masu ƙuri'a suka ɗaure. Ɗaya ɓangaren yana cewa haƙƙin tsiraru ba a bar wa rinjaye shi ba, kuma wanda ya sa hannu a yarjejeniya yana karɓar kuɗinta sai ya bi sharuɗɗanta. Hukunci a takarda kuma ba shi ne aiwatarwa ba. Romaniya ta yi shekaru ba ta aiwatar da hukuncin 2018 da ya ce ta ba wa mijin wani ɗan ƙasarta izinin zama ba.

Masu addini fa?

Cocin Suwidin yana ɗaura auren jinsi tun 2009. Cocin Ingila ya amince da addu'ar sa albarka a 2023 amma ba aure ba. Fadar Batikan ta yarda da sa albarka maras tsarin ibada a Disamban 2023, bishop-bishop na Afirka suka ce ba za su yi ba. Dokar Ingila ta fito fili cewa ba a tilasta wa coci ko masallaci ɗaura irin wannan aure, a Denmak ma limamin cocin gwamnati yana da damar ƙi.

Rikicin yakan tashi ne a bakin aiki da makaranta. Wata ma'aikaciyar rajista a Landan da ta ƙi yi wa masu jinsi ɗaya rajista saboda imaninta ta faɗi shari'a a Strasbourg a 2013, domin aikin gwamnati take yi. Masu gidan burodi a Belfast da suka ƙi rubuta saƙon goyon bayan auren jinsi a kan kek sun yi nasara a Kotun Ƙolin Birtaniya a 2018, domin saƙon suka ƙi, ba mai sayen ba. A Birmingham a 2019 iyaye, yawancinsu Musulmi, sun yi makonni suna zanga-zanga a ƙofar makarantun firamare kan darussan da ke nuna iyali mai uwa biyu ko uba biyu, har kotu ta hana taruwa a kewayen ɗaya daga cikin makarantun.

Doka daban, titi daban

Hukumar kare haƙƙi ta Tarayyar ta tambayi mutum fiye da 100,000 daga waɗannan rukunai, ta fitar da sakamako a 2024. Fiye da rabi sun ce yanzu ba sa ɓoye kansu, amma waɗanda aka kai wa hari cikin shekara biyar sun ƙaru daga kashi 11 zuwa 14, kuma fiye da rabi suna guje wa riƙe hannun juna a bainar jama'a. Masu sauya jinsi da mata-maza ne suka fi shan wahala. A 2022 an harbe mutum biyu a Oslo ta Norwe ana jajiberin gangami, wasu biyu a ƙofar wata mashaya a Bratislava ta Slobakiya.

Inda abin ya taɓa 'yan Afirka

Ɗalibi ko ma'aikacin da ya sauka a ƙasar Tarayyar ba a neman ya sauya aƙidarsa. Abin da doka ta hana shi shi ne korar ma'aikaci, ko tsangwamar abokin aiki, saboda wannan dalili, kuma a ƙasashe da dama kalaman tunzura ƙiyayya laifi ne. 'Ya'yansa za su haɗu da batun a manhajar makaranta a Holan ko Ingila, ba za su haɗu da shi ba a Bulgeriya, wadda ta hana a 2024.

A hulɗar gwamnatoci, Tarayyar tana da manufa tun 2013 ta matsa wa ƙasashen waje su daina ɗaure mutane kan wannan batu, shi ya sa zargi ke saurin kamawa. Da Najeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Samoa, ta haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik, a Yunin 2024, an yi ta cewa an sayar da dokar hana auren jinsi ta 2014. Gwamnati ta musanta, kuma rubutun yarjejeniyar bai ambaci luwaɗi ko auren jinsi ba. Masu suka sun dogara ne da kalmomi irin su daidaiton jinsi da haƙƙin lafiyar haihuwa, waɗanda suke tsoron a faɗaɗa fassararsu gaba.

Sai neman mafaka. A 2013, a ƙarar wasu 'yan Saliyo da Yuganda da Senegal, kotun Luksambok ta ce kasancewar doka a littafi kawai ba ta isa hujja ba, sai in ana ɗaure mutane da ita, amma ba za a ce wa mutum ya koma gida ya ɓoye halinsa ba. Matsalar jami'ai ita ce tantance mai gaskiya. Kotun ta hana tambayoyin batsa da karɓar bidiyo a 2014. A 2018 kuma, a ƙarar wani ɗan Najeriya da Hangari ta sa masanin halayyar ɗan adam ya gwada shi da zanen mutum cikin ruwan sama da fassara ɗigon tawada, ta hana dogaro da irin wannan gwaji. Abin da ya rage wa jami'i shi ne ya auna ko labarin mutum ya tsaya daidai kuma ya dace da abin da aka sani game da ƙasarsa, shi ya sa sakamakon irin waɗannan buƙatu yake bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.